Yadda Ake Lissafin Ajiya da Sakin Ruwan Madatsa Domin Raba Shi Tsakanin Masu Buƙata

Duk wanda aka damƙa wa kula da madatsar ruwa yana fuskantar tambaya guda a kowane wata: nawa zai saki, nawa kuma zai riƙe. Hukumar ruwan sha tana so tafki ya zauna a cike saboda tsoron fari. Manoman rani suna so a buɗe ƙofofi a daidai lokacin da kogi ya janye. Masu samar da lantarki suna so ruwa ya yi tsayi a bayan madatsa, ya kuma riƙa wucewa ta injinansu babu yankewa, alhali mazauna ƙasan kogi suna so a bar fili a cikin tafki domin ya haɗiye ambaliya idan ta zo. Samfurin lissafi, wato tsarin da ake ginawa a kwamfuta domin kwaikwayon yadda tafki ke cika da raguwa, shi ne yake ba da damar a gwada shawara a kan takarda kafin a gwada ta a kan mutane. Lissafin kansa tarawa ne da ɗebewa, wanda ɗalibin sakandare zai iya yi. Wahalar tana cikin samun alƙaluma na gaskiya, da kuma amincewa tun da wuri a kan wanda za a fara rage wa ruwa ranar da bai isa kowa ba.

Mataki na ɗaya: tsayar da tambaya da tazarar lokaci

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka rubuta tambayar da kake son amsawa a jimla guda. Tambayar ko tafki zai ɗauki ƙarin hekta dubu biyar na noman rani tana buƙatar lissafin wata-wata na shekaru masu yawa. Tambayar yadda za a buɗe ƙofofi idan ambaliya ta taso tana buƙatar lissafin kwana-kwana, wani lokaci ma sa'a-sa'a, domin ambaliyar da ta yi kwana uku tana ɓacewa idan aka narkar da ita cikin jimillar wata. Ga aikin rabon ruwa tsakanin masu buƙata, tazarar wata ɗaya ko kwana goma ta wadatar, kuma da ita za mu yi aiki a nan.

Ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa. Mafi sauƙi shi ne miliyan na kubik mita. Ruwan da ke gudu kubik mita ɗaya a daƙiƙa yana ba da kubik mita 86,400 a kwana, kusan miliyan 2.6 a wata mai kwana 30, da kusan miliyan 31.5 a shekara. Zurfin milimita ɗaya a kan faɗin murabba'in kilomita ɗaya kubik mita 1,000 ne, a kan hekta ɗaya kuwa kubik mita 10 ne. Kurakurai da yawa a wannan aiki daga cakuɗa ma'auni suke fitowa.

Mataki na biyu: sanin siffar tafkin

Tafki ba randa ba ne mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa. Yana da faɗi a sama, yana tsukewa a ƙasa, saboda haka raguwar mita ɗaya lokacin da yake cike ruwa ne mai yawa, raguwar mita ɗaya kusa da gindi kuwa ɗan kaɗan ne. Kana buƙatar jadawali mai layi uku: tsayin ruwa, faɗin samansa a wannan tsayi, da yawan ruwan da ke ajiye. Da wannan jadawali samfurin zai riƙa juya yawan ruwa zuwa tsayi domin lissafin lantarki, da kuma zuwa faɗi domin lissafin abin da rana ke sha.

Ka tambayi shekarar da aka yi awon da jadawalin ya dogara a kansa. Kogi yana kawo laka da yashi yana jibgewa a cikin tafki, kuma ƙiyasin da masana suka saba ambatawa shi ne duniya tana rasa tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na ma'ajiyar tafkunanta a kowace shekara. Idan jadawalinka na ranar da aka gama ginin ne shekara arba'in da suka wuce, kana lissafi ne da ruwan da babu shi.

Daga nan sai ka raba tafkin hawa-hawa. A can ƙasa akwai mataccen ruwa, wanda yake ƙasa da bakin bututun fitarwa, ba a iya sakinsa sai da famfo. A samansa akwai ruwan aiki, wanda ake rabawa. A saman wannan akwai gurbin ambaliya, wanda ake barinsa fanko da gangan. Ka rubuta kuma iyakar kowace mafita: nawa bututun ruwan sha zai iya ɗauka, nawa magudanar ban ruwa za ta iya ɗauka, nawa mazubar rara za ta iya zubarwa, sannan a wane tsayi kowace mafita take daina aiki. A lokacin farin da ya kama birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 2018, an sa ranar rufe famfunan gidaje a lokacin da tafkunan birnin za su sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, domin kashi goma na ƙarshe yana da wuyar cirowa.

Mataki na uku: tarihin ruwan da ke shigowa

Nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Kana buƙatar jerin yawan ruwan da ya shigo tafki a kowane wata na tsawon shekara talatin ko fiye, kuma dole jerin ya ƙunshi fari mafi muni da aka sani a yankin. Idan akwai tashar awo a kan kogi sama da tafki, ka yi amfani da ita, ka ƙara ƙiyasin ƙoramun da suke shiga tsakanin tashar da tafkin. Idan babu, ana iya lissafawa ta baya: canjin ajiya a cikin wata, a haɗa da abin da aka saki da abin da ya ƙafe, shi ne abin da ya shigo. Wannan hanya tana da aibinta. A tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 40, kuskuren santimita ɗaya wajen karanta sandar awo daidai yake da kubik mita 400,000, kuma iska kaɗai tana iya tura ruwa gefe guda ta jawo irin wannan kuskure. Shi ya sa a watannin rani lissafin yakan nuna shigar ruwa ƙasa da sifili. Idan ka ga haka, ka daidaita alƙaluman tsakanin watannin da ke maƙwabtaka, kada ka goge su ka sa sifili, domin yin haka yana ƙara wa tafki ruwan da bai taɓa samu ba.

Babban tarko shi ne dogaro da matsakaicin shekara. A 1922 jihohi bakwai na Amurka suka raba ruwan Kogin Kolorado, aka ware wa ɓangaren sama da ɓangaren ƙasa kimanin kubik mita biliyan 9.25 kowannensu a shekara, bisa awon da aka yi a shekarun da suka kasance masu ruwa fiye da yadda kogin ya saba. Daga baya binciken zoben cikin itatuwa, wanda ke nuna damina da fari na ɗaruruwan shekaru, ya tabbatar da cewa an raba abin da ya fi ƙarfin kogin. Har yau ana fama da wannan kuskure.

Akwai kuma abin da Harold Edwin Hurst, Baturen Ingila da ya shafe shekaru yana nazarin Kogin Nilu, ya wallafa a 1951: shekarun fari sukan zo a jere, haka ma shekarun yalwa. Masana ruwa suna danganta wannan ɗabi'a da sunan Annabi Yusuf, alaihis salam, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na ƙunci. Abin da wannan ke nufi ga mai lissafi shi ne kada ya yamutsa jerin shekarun, domin tafkin da zai jure farin shekara ɗaya yana iya ƙafewa a shekara ta uku ta fari a jere.

Mataki na huɗu: asarar da ba a gani

Rana da iska suna shan kasonsu kafin kowa. A yarjejeniyar 1959 tsakanin Masar da Sudan, an ɗauka cewa Nilu yana kawo kubik mita biliyan 84 a shekara a garin Aswan na Masar, aka ba Masar biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5, aka bar biliyan 10 a matsayin asarar tafki, galibi ta ƙafewa. Kana lissafa wannan asara ne ta ninka zurfin ƙafewa na wata da faɗin tafki a wannan wata, bayan ka cire ruwan saman da ya sauka kai tsaye a kan tafkin. Idan alƙalumanka daga farantin awon ƙafewa na tashar yanayi suke, ka ninka su da kimanin 0.7, domin farantin ƙarfe yana ɗaukar zafi fiye da babban ruwa. Yoyo ta ƙarƙashin madatsa da gefen tafki yakan kasance ƙarami, amma ka ba shi layinsa.

Mataki na biyar: jera buƙatu wata-wata

Kowace buƙata tana da yawa, tana da lokaci, tana kuma da iya abin da za ta jure na rashi. Ruwan sha kusan ɗaya yake duk shekara, ana samunsa ta ninka yawan mutane da abin da kowa ke amfani da shi a kwana, a ƙara abin da ke zuba a bututun da suka fashe, wanda a birane da yawa ba ƙarami ba ne. Ban ruwa yana hawa da sauka bisa kalandar shuka, kuma abin da tafki zai saki ya fi abin da shuka ke sha. Idan hekta 10,000 suna buƙatar milimita 200 a wata, wannan miliyan 20 ne a gona, amma idan rabin ruwan yana salwanta a magudanai da filaye, tafki sai ya saki miliyan 40.

Lantarki ba ya cinye ruwa, wucewa kawai yake yi ta cikin inji. Ƙarfin da ake samu a kilowat shi ne 9.81 sau gudun ruwa sau tsayin faɗuwarsa sau ingancin inji. Kubik mita 20 a daƙiƙa da ke faɗowa daga mita 30, da inganci 0.9, yana ba da kimanin megawat 5.3. Idan tafki ya ragu tsayin ya koma mita 20, wannan ruwan dai megawat 3.5 kawai zai ba da. Rikicin lantarki da noma na lokaci ne. Madatsar Toktogul ta ƙasar Kirgistan tana son sakin ruwa a lokacin sanyi, sa'ad da mutanenta ke buƙatar wutar ɗumama gidaje, manoman auduga na Uzbekistan da Kazakistan da ke ƙasan kogin kuwa a lokacin zafi suke buƙatarsa. Ka nuna wa samfurinka a fili ko ruwan ban ruwa yana bi ta injin lantarki kafin ya kai gona, domin idan yana bi, ba za a lissafa shi sau biyu ba.

Kogin kansa ma mai buƙata ne, tare da masunta, makiyaya da manoman fadama da ke rayuwa a ƙasansa. Hanyar da Donald Tennant ya gabatar a 1976 ta ɗauki kashi 10 cikin ɗari na matsakaicin gudun kogi a matsayin mafi ƙarancin abin da zai riƙe rayuwar halittun ruwa na ɗan lokaci, kashi 30 kuma a matsayin yanayi mai kyau. Wurin farawa ne kawai, domin an tsara ta ne da kogunan Amurka, kuma akwai kogunan da abin da suke buƙata shi ne ambaliyar shekara da ke jiƙa fadama. A madatsar Manantali ta ƙasar Mali an sha sakin ambaliya da gangan domin manoman kwarin Kogin Senegal da ke shuka bayan janyewar ruwa. Wannan buƙata ita ce aka fi mantawa da ita, saboda masu ita ba su cika samun kujera a ɗakin taro ba.

Mataki na shida: rubuta lissafin shiga da fita

Ajiyar ƙarshen wata ita ce ajiyar farkon wata, a tara ruwan da ya shigo, a ɗebe ƙafewa, yoyo, abin da aka saki, da rarar da ta zuba. Ga misali da alƙaluman ƙirƙira. A ce tafki yana ɗaukar miliyan 500, mataccen ruwansa miliyan 50, kuma ya shiga wani watan rani da miliyan 300. Ruwan da ya shigo miliyan 8 ne. Faɗinsa murabba'in kilomita 40, ƙafewa milimita 180, wato miliyan 7.2. Yoyo miliyan 1, ruwan sha miliyan 6, kason kogi kubik mita 2 a daƙiƙa wato miliyan 5.2, ban ruwa miliyan 40. Ajiyar ƙarshen wata ta zama miliyan 248.6, kuma ita ce ajiyar farkon wata mai zuwa. Tafkin ya ragu da miliyan 51.4 a wata guda, ruwan aikin da ya fara da shi kuwa miliyan 250 ne, saboda haka wata biyar irin wannan za su kai shi bakin mataccen ruwa, da ɗan sassauci kaɗan saboda ƙafewa tana raguwa yayin da faɗi ke tsukewa.

Sharuɗɗa biyu ne suke tsare lissafin. Idan sakamakon ya wuce miliyan 500, abin da ya haura rara ce da ta zuba, ajiya ta tsaya a 500. Idan ya sauka ƙasa da 50, ba a iya sakin duk abin da aka nema ba, sai a rubuta bambancin a matsayin gibi. A Excel kowane wata layi ɗaya ne, shekara talatin layi 360. Ka ƙara layin bincike a ƙarshe: jimillar duk abin da ya shigo, a ɗebe jimillar duk abin da ya fita, dole ta yi daidai da bambancin ajiyar farko da ta ƙarshe. Idan ba ta yi ba, akwai ruwan da samfurinka ke ƙirƙirowa ko haɗiyewa.

Akwai ɗan gwaji mai sauri da ke nuna girman ajiyar da wata buƙata ke nema, wanda asalinsa yana komawa ga zanen da injiniya Rippl ya gabatar a 1883. Kana tara gibi ne wata bayan wata: gibin da ya gabata, a tara buƙata, a ɗebe shigar ruwa, idan ya sauka ƙasa da sifili a mayar da shi sifili. Idan buƙata 30 ce a wata, shigar ruwa kuma 10, 5, 5, 20, 60, 90, gibin zai tafi 20, 45, 70, 80, 50, 0. Lamba mafi girma, wato 80, ita ce ruwan aikin da ake buƙata kafin a ƙara asarar ƙafewa.

Mataki na bakwai: ƙa'idar saki, musamman a ranar ƙaranci

Ƙa'ida mafi sauƙi ita ce a ba kowa abin da ya nema muddin akwai ruwa, ranar da ya ƙare kowa ya rasa. Ka fara da ita domin kwatantawa, amma kada ka tsaya a kanta, domin tana tara dukan wahala a wuri guda: wata huɗu babu ragi ko kaɗan, sannan wata na biyar famfo ya bushe, shuka ta mutu ana gab da girbi. Asarar rashin ruwa ba ta tafiya daidai da yawan rashin. Ragin kashi 10 na wata biyar mutane suna iya jurewa, ragin kashi 50 na wata ɗaya kuwa yana iya kashe amfanin gona gaba ɗaya, ko da yake yawan ruwan da aka hana ɗaya ne.

Saboda haka ake amfani da ƙa'idar tattali, wadda ke fara ragi tun ruwa bai ƙare ba. Ana zana layuka a kan kalandar shekara, kowane layi yana nuna ajiyar da ya kamata a samu a kowane wata. A tafkin misalinmu za a iya cewa: idan ajiya a farkon rani ta haura miliyan 400, kowa ya sami kasonsa cikakke; tsakanin 300 da 400 a rage ban ruwa da kashi 20; tsakanin 120 da 300 a rage shi da rabi, a kuma sauke kason kogi zuwa mafi ƙaranci; ƙasa da 120 a rufe komai sai ruwan sha da na kogi. Waɗannan lambobi ba daga sama suke faɗowa ba, su ne abin da za ka yi ta sauyawa kana sake gudanar da lissafin har ka ga tsarin da ya ratsa fari mafi muni ba tare da ruwan sha ya yanke ba. Ga manomi, lokacin sanarwa ya fi girman ragin muhimmanci. Wanda aka gaya masa kafin shuka cewa rabin ruwa zai samu zai shuka rabin fili ya girbe shi lafiya, wanda aka yanke wa a tsakiyar kaka kuwa ya rasa iri, taki da wahalarsa. Don haka ya fi kyau samfurin ya yanke shawarar kason ban ruwa sau ɗaya a ƙarshen damina, lokacin da aka san abin da ke hannu.

An ga amfanin amincewa da irin waɗannan matakai tun kafin fari ya zo. A 2007 aka tsayar da ƙa'idar cewa idan hasashe ya nuna tsayin Tafkin Mead, wanda ke kan Kogin Kolorado na Amurka, zai sauka zuwa ƙafa 1,075 sama da matakin teku ko ƙasa da haka, za a shiga matakin ragi na farko. A watan Agustan 2021 aka ayyana hakan karo na farko, ragin ya faɗa kan jihohin Arizona da Nevada da ƙasar Meziko a 2022, kowa kuma ya riga ya san kasonsa. A madatsar Kariba kuwa, tsakanin Zambiya da Zimbabwe, a watan Nuwamban 2022 ruwan aikin tafkin ya sauka ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, hukumar da ke kula da Kogin Zambezi ta umarci tashar ɓangaren Zimbabwe ta dakatar da samar da wuta saboda ta cinye kasonta na shekarar.

Layin sama, na gurbin ambaliya, yana jan igiya ne ta ɗaya ɓangaren. Kafin damina ana sauke tafki zuwa wani tsayi domin a bar wa ambaliya wuri, sannan a bar shi ya cika a ƙarshen damina. Idan aka sauke da yawa kuma damina ta gaza, an zubar da ruwan rani. Idan aka ƙi saukewa kuma ruwa ya zo da ƙarfi, dole a buɗe ƙofofi a lokacin da kogin ƙasa ya riga ya cika. Madatsar Wivenhoe ta Ostareliya, wadda ke ba birnin Brisbane ruwan sha tana kuma kare shi daga ambaliya, ta ga fuskokin biyu cikin 'yan shekaru: dogon fari da ya kusa ƙafar da ita, sannan ambaliyar Janairun 2011, wadda yadda aka sarrafa ƙofofin a cikinta ya kai ga kwamitin bincike da shari'a. Wannan layi ka gwada shi da lissafin kwana-kwana na manyan ambaliyoyin tarihi, domin lissafin wata ba zai nuna haɗarinsa ba.

Tsarin fifiko, wato wa ke gaba wa ke baya, ba aikin mai lissafi ba ne ya ƙirƙiro shi. Doka, lasisin ɗibar ruwa, yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe da shawarar masu ruwa da tsaki ne suke tsayar da shi. Aikinka shi ne ka rubuta shi a fili, ka nuna abin da kowane tsari zai jawo.

Mataki na takwas: gwada samfurin da abin da ya riga ya faru

Ka ɗauki shekaru biyar zuwa goma da aka san ainihin abin da aka saki da ainihin tsayin ruwa, ka saka sakin gaskiya a samfurin, ka kwatanta tsayin da ya lissafa da wanda aka karanta. Idan layukan biyu suna rabuwa a hankali shekara bayan shekara, akwai asara ko ɗiba da ba ka lissafa ba. Idan suna rabuwa ne kawai lokacin da tafki ya yi ƙasa, ka zargi jadawalin siffar tafkin.

Mataki na tara: auna sakamako

Ma'aunai uku da Hashimoto, Stedinger da Loucks suka gabatar a 1982 su ne aka fi amfani da su. Na farko, sau nawa aka biya buƙata: idan an gaza a wata 18 cikin 360, an biya kashi 95 cikin ɗari. Na biyu, da wane sauri ake farfaɗowa bayan gazawa, domin wata 18 da suka warwatsu cikin shekara talatin daban suke da wata 18 a jere. Na uku, yaya zurfin gibin yake a lokacin da ya fi muni. Ka fitar da ukun ga kowane mai buƙata dabam, kuma kada ka narkar da su su zama maki ɗaya, domin maki ɗaya yana ɓoye wanda ya ɗauki asarar. Ka lura cewa ƙa'idar tattali takan rage ma'auni na farko, tunda tana ƙara yawan watannin da aka yi ragi, amma tana gyara na uku sosai. Wanda ya kalli na farko shi kaɗai zai yi watsi da ƙa'idar da ta fi kyau.

Bayan haka ka matsa wa samfurin. Ka rage shigar ruwa da kashi 10, sannan da kashi 20. Ka maimaita fari mafi muni sau biyu a jere. Ka ƙara yawan jama'a na shekara ashirin masu zuwa, ka rage ruwan aiki saboda laka, ka kuma fara lissafin da tafki a rabi maimakon a cike. Ƙa'idar da ta yi matsakaicin kyau a duk waɗannan yanayi ta fi wadda ta yi fice a tarihi ta rushe da ragin kashi 10.

Mataki na goma: manhajoji da neman mafi kyawun saki

Ga tafki ɗaya, Excel ya isa, kuma yana da fa'idar cewa kowa na iya bin lissafin da idonsa. Idan tafkuna sun yi yawa a kogi ɗaya, akwai HEC-ResSim ta sashen injiniyoyin sojan Amurka, WEAP ta Cibiyar Muhalli ta Stockholm, RiverWare ta Jami'ar Kolorado, da MODSIM ta Jami'ar Jihar Kolorado. Dukansu lissafin shiga da fita ɗin nan suke yi, da tsarin fifikon da ka ba su.

Akwai kuma hanyoyin da kwamfuta ke nemo sakin da ya fi riba da kanta. Suna da amfani wajen nuna iyakar abin da zai yiwu, amma ka kula da abu biyu. Idan ka ba su dukan tarihin shekara talatin, suna yanke shawara ne kamar sun san ruwan da zai zo baɗi, ilimin da mai kula da ƙofa ba shi da shi, don haka sakamakonsu yakan fi abin da za a samu a zahiri. Sannan sukan kwashe tafki ƙaf a watan ƙarshe na lissafi, tunda babu gobe a wurinsu, sai idan ka ɗora sharaɗin cewa ajiyar ƙarshe kada ta gaza ta farko. Ka ɗauki abin da suka nuna ka juya shi zuwa layukan ƙa'ida masu sauƙi, ka sake gwada layukan a samfurinka na wata-wata.

Abin da za ka miƙa wa masu yanke shawara shi ne tsari uku ko huɗu a jere, kowanne da abin da ruwan sha, noma, lantarki da kogi za su samu a shekarar yalwa, a matsakaiciyar shekara, da kuma a fari mafi muni. Wanda aka amince da shi sai a rubuta shi a shafi guda domin ma'aikacin da ke bakin ƙofa: wata kaza, idan sandar awo ta nuna tsayi kaza, a saki kaza ta mafita kaza, a kuma sanar da mazauna ƙasan kogi kwana kaza kafin a ƙara saki. A ƙarshen kowace damina a ƙara alƙaluman shekarar a jerin, a kwatanta abin da samfurin ya yi hasashe da abin da ya faru, kuma duk lokacin da aka sake awon gindin tafki a sauya jadawalin siffarsa, a sake zana layukan bisa sabon girman ruwan aiki.